Tinubu ya faɗa tun a kamfen cewa zai cire tallafin mai?

Malam, ka tambaya ko bazata Tinubu ya yi mana. A'a. Kundin manufofinsa na Oktoban 2022 ya ce zai janye tallafin, Atiku da Peter Obi ma haka suka yi alkawari. Kasafin 2023 da Buhari ya sa wa hannu kuwa zuwa watan Yuni kaɗai ya ware kuɗin tallafin. Abin da ya girgiza mutane shi ne sanarwar cire tallafin da Tinubu ya yi ranar rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, ba tare da tanadin rage raɗaɗi ba. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Kada ka dogara da guntun bidiyon WhatsApp, ana yanke magana. Nemi kundin ka karanta. Lissafin inda rarar kuɗin ta shiga kuma, sai masanin kasafi.