Abin da ya share gyaran da ka yi wa haruffan Hausa

Bello, ka tambaye ni me ya sa gyaran da ka yi don ɓ, ɗ da ƙ su zauna inda yatsun masu buga takardu sunka saba ya ɓace bayan anka yi apt upgrade, umarnin sabunta manhajojin Debian, tsarin Linux da ke kan injinan shagonmu. Ba kwamfuta ce ta lalace ba. Fayil ɗin da ka taɓa, /usr/share/X11/xkb/symbols/ng, na kunshin xkb-data ne (kunshi shi ne tarin fayilolin manhaja da ake girkawa tare), kuma dpkg, manhajar da ke girka kunshi, na riƙe da lissafin duk fayil ɗin da ya ajiye. Sabon kunshi na zuwa, sai ya shimfiɗa nasa a kan naka bai tambayi kowa ba. Fayilolin saiti na cikin /etc kaɗai yake tsayawa ya yi shawara kafin ya taɓa. Ka yi gini ne a filin wani.

Abin da nake so ka koya shi ne ka mai da gyaranka kunshi, yadda Debian ke gina nata. Jawo tushen da ake gina xkb-data da shi da umarnin apt source xkeyboard-config, ka sa canjinka ya zama faci, wato fayil mai ɗauke da canjin kaɗai, a cikin debian/patches, ka buga dch --local sakkwato don lambar kunshin ta ƙare da sakkwato1, sannan dpkg-buildpackage -us -uc don gina kunshin. Lambar nan tana da amfani ƙwarai. Ko bayan shekara, wanda ya buga dpkg -l zai gane nan take cewa wanga kunshi hannunmu ya gina shi.

Kada ka yawo da shi a filashi kana sawa inji-inji. Mu ajiye shi a kwamfutar nan ta ciki mai inbata, ka gina masa ma'aji, wato inda apt ke ɗauko kunshi, da manhajar reprepro, sauran injinan su riƙa ɗauka ta wayar shago. Data ma ta huta.

Inda ake samun matsala kuwa nan gaba ne. Ranar da Debian ta fitar da lamba mafi girma, apt zai fifita tata, naka ya tafi. Kana iya ɗaure shi da apt-mark hold don kada apt ya sabunta shi, kuma ga tsarin haruffa ban hana ka ba. Amma kada in ga ka ɗaure openssl, mai ɓoye bayanan da ake aikawa ta intanet, ko burauza, domin duk gyaran tsaro da ya fito zai wuce mu, alhali mutane na shigar da lambobin bankinsu a injinan nan. Kunshin da ka ɗaure, kai ne mai kula da shi daga ranar. Debian 12 ta fito a 2023, ta 13 a 2025, kuma duk sanda munka hau sabuwa sai ka sake ɗora facin, ka gina, ka gwada a inji guda tukuna.

Facin ka sa shi a git, manhajar adana tarihin canje-canje, yau, ka rubuta dalilinsa da sunan wanda ya nema. Gobe bayan azahar ka zo mu gina shi tare.