Kwana huɗu a kudancin Faransa: ganuwar Carcassonne da duwatsun Pyrénées

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Damagaram, ina karatu a birnin Toulouse. Yayana zai kawo mini ziyara a watan Yuni, kuma kwana huɗu kacal muka ware domin yawon buɗe ido. Shi tsofaffin garuruwa yake so, ni kuma duwatsu ne a raina. Ba mu da mota. Ina ya kamata mu nufa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo Yaya lafiya. Kun yi dace, domin yankin da kake zaune, wato Occitanie, ya haɗa abin da kowannenku ke so. Shawarata ita ce ku taƙaita: wuri biyu, kowanne kwana biyu. Masu son ganin gari bakwai a kwana huɗu, tashar jirgi kawai suke gani.

Ku fara da Carcassonne, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa. Daga tasha ku taka da ƙafa ta cikin sabon gari har tsohuwar gadar da ke kan kogin Aude. A nan ku tsaya tukuna. Za ku hango tsohon birnin a kan tudu, ganuwa biyu na dutse ɗaya cikin ɗaya, tsawonsu ya kai kilomita 3, da hasumiya 52. Wanda ya taso yana ganin ragowar ganuwar Birni a Damagaram zai gane dabarar nan take: ƙofa ƙunci, bango mai kauri, sai dai a nan an bar fili tsakanin ganuwar biyu domin maharin da ya haura ta farko ya faɗa tarko. Ku bi ta wannan filin ku dafa bangon. Akwai wuraren da za ku ga ƙananan duwatsu da layin jan bulo, aikin Rumawa ke nan, manyan duwatsun da aka sassaƙa kuwa na sarakunan Faransa ne na ƙarni na 13.

Abin da zai fi jan hankalin Yaya, ina jin, shi ne Musulmin Andalus sun taɓa riƙe wannan gari. Gwamna Anbasa ya ci shi a shekarar 725, kuma Narbonne da ke kusa ta zauna a hannun Musulmi har 759. Daga baya, a 1209, rundunar da Paparoma ya yi kiran a tayar domin murƙushe 'yan ɗariƙar Cathar, wasu Kiristoci da suka saɓa wa koyarwar cocinsa, ta kewaye Carcassonne ta karɓe shi. Rufin hasumiyoyin masu tsini kuwa ba su kai haka tsufa ba. Birnin ya lalace har an yi niyyar rushe shi, sai maginin nan Viollet-le-Duc ya gyara shi a ƙarni na 19.

Ku kwana a can, wannan ina roƙonku. Da rana titunan cike suke maƙil da baƙi da masu sayar da takubban roba, amma da la'asar sakaliya motocin 'yan yawo sukan watse, gari ya yi tsit, ka riƙa jin takunka a kan dutse. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, don haka lokaci na nan. Shiga birnin kyauta ne, shiga fadar da ke cikinsa da hawa kan ganuwa ne ake biya. A kula da abincin da suke alfahari da shi, cassoulet: wake ne da agwagwa, amma galibi da naman alade a ciki. Ku tambaya kafin ku zauna.

Sauran kwana biyun naka ne. Ku koma Toulouse ku hau jirgin Lourdes, kusan awa biyu, daga nan bas zuwa ƙauyen Gavarnie da ke cikin duwatsun Pyrénées. Bas ɗin ba shi da yawa a rana, ku duba jadawalinsa tun kafin ku sayi tikitin jirgi. Daga ƙauyen, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce a ƙafa, gefen rafi, kuma akwai jakuna da dawakan haya idan Yaya ya gaji. A ƙarshen hanyar duwatsu sun yi zobe kamar ƙatuwar ƙwarya da aka fasa gefenta, ƙololuwarsu ta haura mita 3,000, bayansu kuma Sifaniya ce. Ruwa na zubowa daga tsayin mita 422, kuma Yuni ne lokacinsa, saboda ƙanƙara na narkewa. Tun da sauran tazara za ka ji feshinsa a fuska, sanyi ƙalau. Ku tafi da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, ku fita da sassafe, domin hadari yakan taso bayan azahar.

Idan hasashen yanayi ya nuna ruwa, kada ku yi asarar kuɗin mota. Ku juya zuwa Albi, awa ɗaya daga Toulouse, ku ga majami'ar jan bulo da aka soma ginawa a 1282, mai kama da sansanin yaƙi. Arzikin wannan yanki a da daga rini ya zo, da wani ganye mai ba da shuɗi da suke kira pastel, har zuwa lokacin da baban da ake shigowa da shi daga ƙetare, ɗan'uwan wanda marinanmu ke jiƙawa, ya kashe musu kasuwa. Har yau akwai shagunan da ke sayar da gyale rinin pastel a Albi da Toulouse, tsarabar da za ta dace Yaya ya kai wa Inna.