Da waɗanne waƙoƙi zan fara jerin kiɗan surf na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji wani kiɗan jita mai gudu a farkon fim ɗin Pulp Fiction, aka ce mini irinsa ake kira surf. Ina so in haɗa jerin waƙoƙi kamar ashirin a wayata, amma duk inda na duba Beach Boys nake gani. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka ya kai ka tushe. Abin da ka ji shi ne "Misirlou" na Dick Dale, wanda ya fito a 1962, kuma shi zan ce ka buɗe jerin da shi.

Kiɗan surf ya tashi ne a kudancin Kalifoniya wajen 1961, a tsakanin samarin da ke wasan hawan igiyar teku da katako, kuma asalinsa kiɗa ne zalla, babu rera waƙa. Dale bahago ne, yana kaɗa jitar Fender ba tare da ya juya tsirkiyoyinta ba. Alamar surf ta farko ita ce saurin kaɗawa: a "Misirlou" tsirkiya yake kaɗawa da tsananin sauri har sautin ya zama kamar ɗaya mai karkarwa. Karin kuwa tsoho ne daga gabashin Bahar Rum, ya gaje shi ta wajen dangin mahaifinsa 'yan asalin Lebanon. Shi ya sa duk wanda ya saba da kiɗan Larabawa yake jin kamar ya san shi.

Alama ta biyu ita ce amsa-kuwwa. Na'urar da kamfanin Fender ya fitar a 1961 tana sa sautin jita ya riƙa ɗiga kamar ruwa a cikin rijiya. Saurari "Pipeline" na The Chantays ka ji yadda jita ke gangarowa a farkonsa. A wurina babu wanda ya kai shi daɗi a duk fagen. Ka ƙara "Mr. Moto" na The Bel-Airs da "Let's Go Trippin'" na Dale, dukansu na 1961, sai "Baja" na The Astronauts, waɗanda 'yan Kolorado ne, jihar da ko teku ba ta da shi. "Wipe Out" na The Surfaris dole ne, saboda ganga, amma ka ajiye shi tsakiya, inda kunne ya fara gajiya da jita.

Beach Boys suna da gurbinsu, kada dai su cinye jerin. A cikin ashirin, huɗu ko biyar masu murya sun wadatar, kamar su "Surfin' Safari", "Surfin' U.S.A." wanda aka ɗora kan karin wata waƙar mawaƙi Chuck Berry, da "Surf City" na Jan and Dean, wanda ya kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1963. Ka warwatsa su, kada ka jera su wuri guda.

Wasu za su ce "Walk, Don't Run" na The Ventures ba surf ba ne tunda ya fito a 1960, kafin sunan ya kafu. Ni ina sa shi, don makaɗan surf da dama daga shi suka koyi hannu.

Ka lura da shekara idan kana saukewa. Da yawa an sake ɗaukarsu daga baya, sautin ya yi laushi. Nemi ɗaukar farko, ta tsakanin 1960 da 1964, shekarar da mawaƙan Birtaniya Beatles suka shigo Amurka kasuwar surf ta fara ja da baya.