Waɗannan layukan ba lallai ADN ba ne, ƙanwata

Ƙanwata, kin ce kin ɗiga ADN (sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta) a kan girafit (baƙin ma'adinin bakin fensir), hoton AFM (na'urar da ke shafa abu da tsinin allura ta fitar da hotonsa) ya fito da dogayen layuka miƙaƙƙu, kina tambaya ko shi ne. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin ramin da na afka ke nan.

Wata bakwai na yi ina auna irin waɗannan layuka lokacin da nake masta a Faransa. Har hoton na turo wa innarmu a Tawa don murna. Ranar da na gabatar da aikin, wani malami ya miƙe gaban jama'a ya ce wannan bakin ɓawon girafit ne kurum. Mai kula da aikina, wanda ya ga kowane hoto ya ce madalla, sai ya sunkuyar da kai, uffan bai ce ba. Da muka fito ya ce ai ni ce ba na karatu. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Abin da ya fi ci mini rai, tun 1991 Clemmer da Beebe suka nuna girafit tsurarsa yana kwaikwayon ADN a hoton STM, wata na'urar mai allura irin AFM. Mai kula da aikina ya sani, bai taɓa faɗa mini ba. Allah ya isa ban yi ba, amma ban manta ba.

Don Allah, da kin ɓare girafit da skoc, ki ɗauki hotonsa kafin ki ɗiga komai. Sannan ki auna tsawo. Matakin girafit ɗaya, wato bakin ɓawo ɗaya, nanomita 0.34 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), gefe guda sama, gefe guda ƙasa. ADN kuwa kamar kunya yake a gona, ƙasa ta daidaita dama da hagu. Kaurinsa nanomita 2, amma a bushe yakan fito ƙasa da haka, kada ki tsorata.

Kuma girafit ba ya son ruwa. ADN mai igiya ɗaya ya fi lafewa a kansa, mai igiya biyu ba ya kamawa sosai. In kin fara shimfiɗa oktadesilamin, wani sinadari mai jeruwa layi-layi a kan girafit, sai ADN ya bi layukan sinadarin, ya miƙe ta fuska uku, digiri 60 tsakaninsu. Ki gwada samfurin a kan mika (ma'adini mai ɓarewa fale-fale) da ɗan magneziyom mai riƙe ADN a kansa, ki kwatanta.

Ki ajiye hotunanki wuri biyu da kwanan wata, abin da malaminki ya faɗa kuma ki sa ya rubuta. Turo mini hoton da ma'auninsa, ina Yamai, zan duba bayan isha'i.