Wai mun kai yarinya KG tun ba ta haɗa baƙi ba

Yaya na ga saƙonka tun jiya, bari na yi in huce tukuna. Wai don ka ga hoton autata da yunifom zaune a ƙasa tana jera murafan kwalba, shi ne kake tambaya ko mu ƴan Kumasi mun jefar da allo ne, muna kai yara a yi musu wasan ƙasa da sunan karatu.

To a nan Ghana KG, wato ajin share fage kafin firamare, ba gayu ba ne, tun gyaran ilimi na 2007 aka sa shekara biyun nan cikin karatun dole, yaro na cika shekara 4 zai shiga. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma da irin tunaninka na fara. Har makarantar na je da faɗata, na ce wata uku ba aikin gida, ba ta cika ko shafi ɗaya da ABC ba, me ake yi? Malamar ta kira ta, ta zube murafan nan ta ce raba wa mutum uku, yarinya ta raba tsaf har ta ce ɗaya ya yi saura. Na kama bakina. Da yawa a zangon nan har yau in ba su ga bulala da jaka mai nauyi ba gani suke ba a karatu, sai su cire yaro su kai shi firabet inda ɗan shekara 3 zai haddace ɗaya zuwa ɗari amma ka ce ya miƙo cokali biyar sai ya tsaya yana kallonka.

Maganar addini kuwa ka kwantar da hankalinka. Makarantar tana ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, ana Turanci ana Arabiyya, Asabar da Lahadi kuma tana gaban malam a Aboabo, ta kai Tabbat yada.

Abin da ya sosa min rai shi ne da ka ce yare uku zai rikita ta, wai dama uwarta ƴar Ashanti ce, an gama. Haba Yaya. Gaskiya ne Hausa ba ta cikin yarukan da gwamnati ke koyarwa, da Twi, yaren Ashanti, ake musu a aji, amma a zango har Dagomba da Mosi ma da Hausa suke cinikin koko da ƙosai. Kakanmu da ya baro Kano fataucin goro, ta Salaga ya biyo, da wane baki ya yi ciniki da Tonawa, wato mutanen Ashanti? Na tashi na same shi yana zagin mu da Hausa, yana lissafi da Twi, yana wuridi da Larabci, ban ji wanda ya ce ya rikice ba.

Na san kuna mana dariya in mun ce mace "ya zo", ku yi ta yi. Ita dai in ta gai da kakarta ta wajen uwa da Twi, juyowa take ta durƙusa wa Hajiya ta ce ina kwana. Rabonka da Kumasi tun rasuwar Baba, ka zo da Babbar Sallah ka yi mata jarrabawar da kanka, kuma ka taho mata da allo ɗan ƙarami daga Kurmi, nata ya tsage.