Hukuncin Zana Hoton Tafawa Ɓalewa Don Ratayewa A Makaranta

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni malamin zane ne a wata sakandare a Bauchi. Shugaban makaranta ya ce in zana hoton marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da fenti, a rataye a ɗakin taro don girmama shi. Abokin aikina ya ce masu zanen hoto ne za su fi kowa shan azaba ranar Alƙiyama. Hankalina ya tashi, ina neman fatawa.

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗana, abokinka bai ƙirƙiri magana ba, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai malamai sun yi saɓani kan wace sura ake nufi.

Imamu Nawawi da malamai da yawa sun haramta surar duk mai rai, sassaƙa ce ko zane. Suna kafa hujja da labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda fuskar Annabi (SAW) ta canza da ya gan shi, har aka yanka shi aka yi matashin kai. Malikiyya kuwa, mazhabar da muka tashi a kanta, sun rarrabe. Shehu Dardir ya bayyana cewa haramun shi ne surar mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, mai inuwa, wato mutum-mutumi. Zanen da yake shafe a takarda ko bango makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuma ana takawa ko zama a kansa, barinsa ne kawai ya fi. Hujjarsu ita ce togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, inda aka cire zanen da yake jikin tufa daga cikin hanin.

Ni kalmar da ta tsaya mini a tambayarka ita ce "girmamawa". Ka duba sunayen nan biyar na Suratu Nuhu, aya ta 23: Waddu, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru. Ibnu Abbas ya ce mutanen kirki ne. Da suka rasu aka kafa musu surori a wuraren zamansu don tunawa, ba wanda ya yi musu sujada a lokacin. Sai da masu kafawar suka shuɗe, ilimi ya gushe, sannan na baya suka bauta musu. Haka da Ummu Salama da Ummu Habiba suka ba da labarin wata coci mai hotuna a Habasha, Annabi (SAW) ya zargi masu gina wurin ibada a kabarin salihi su ƙawata shi da surori. Ashe hoton mutumin da ake ƙauna ya fi buƙatar taka-tsantsan. Fuskar Tafawa Ɓalewa tana jikin naira biyar, ta Sardauna tana jikin naira ɗari biyu, muna cusa su a aljihu muna salla, ba wanda ya ce komai, domin lalura ce kuma ba a ɗaukaka su ba. Allon da aka ɗaga sama da kawunan yara hukuncinsa daban.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: ba ka yi haramun ba a mazhabarmu idan ka zana shi shafe, daga rawani zuwa kafaɗa, ba cikakken jiki ba. Niyyar ta zama koyar da tarihi, a rubuta a ƙasa cewa malamin makaranta ne da ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Kada a rataye shi a masallacin makaranta ko ta alƙibla inda ake salla, kada a sa yara su rusuna masa ko su ajiye furanni a gabansa. In aka ce ka sassaƙa gunkinsa a ƙofar makaranta, ka ƙi, ko nawa za a biya.

In kuma zuciyarka ta ƙi natsuwa, ka bi shawarar da Ibnu Abbas ya ba wani mai sana'ar zane: ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Ginin hubbaren Tafawa Ɓalewa yana nan cikin garinku, ka zana shi, ka ƙawata sunansa da rubutun ajami da na boko. Wannan babu saɓani a kansa.

Wallahu a'alam.