Waƙa a gaban bindiga: amsa ga ƙanena

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko rera waƙa a zanga-zanga tana tsinana wani abu a gaban gwamnatin soja, ko kuwa rarrashin kai ne kawai na waɗanda ba su da yadda za su yi. Na ga wasu sun mayar da tambayar abin dariya. Ni na tsaya a irin wannan taro ba sau ɗaya ba ina ɗalibi, lokacin sojoji na kan mulki, don haka bari in fara da abin da idona ya gani.

Wata safiya muka fito muka nufi babbar ƙofar makaranta. 'Yan sandan kwantar da tarzoma sun ja daga a waje, sun gicciye motarsu. Ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba, gwiwoyina rawa suke yi, bakina ya bushe ƙaf. Wanda ke gabana ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo. Sai wata ɗaliba 'yar gajeriya, wadda muryarta ma ba wani daɗi gare ta ba, ta ɗaga wata waƙa da duk muka sani, baiti biyu kacal. Muka amsa. To waƙar ba ta tafiya sai da tafi. Mai bulon nan ya dubi hannunsa, ya ajiye, ya shiga tafi. Sun harba mana barkonon tsohuwa duk da haka, muka watse, na bar takalmina ɗaya a wurin. Amma ba a harba harsashi ba ranar, kuma har gobe ina ganin da bulon nan ya tashi, da wani labarin ake yi.

Abu na biyu sai wanda ya shiga ciki zai gane. Mulkin soja yana rayuwa ne a kan kowa ya zaci shi kaɗai ne abin ke ci wa rai. Kana tsakiyar taro ba ka ganin iyakarsa, amma idan amshi ya taso daga baya kamar hadari, kunnenka ne zai ƙirga maka mutane. Numfashinka ma sai ya daidaita, domin ba a waƙa da haki.

Kada dai ka ɗauka waƙa laya ce. A Chile, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin Janar Pinochet na 11 ga Satumba 1973, sojoji suka tsare mawaƙi Victor Jara a wani filin wasa a Santiago, suka ragargaza masa hannaye, aka tsinci gawarsa da harsashi fiye da 40. Pinochet ya yi zamansa har 1990, kuma sai a 2018 kotu ta ɗaure tsofaffin hafsoshi takwas saboda kisan. A Legas, watan Fabrairu na 1977, sojoji kusan 1,000 suka dira gidan Fela Kuti da ake kira Kalakuta, bayan ya yi musu waƙar da ta kwatanta su da masu bin umarni ido rufe. Suka ƙone gidan, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. Duk wanda ya ce maka bindiga na jin kunyar mawaƙi bai san waɗannan ba.

Sai dai ka tambayi kanka, in waƙar banza ce, me ya sa mai tankar yaƙi zai ɓata lokacinsa a kanta? Kanar-kanar ɗin da suka ƙwace Girka a 1967 doka guda suka kafa ta haramta kiɗan Mikis Theodorakis, har sauraronsa ya zama laifi. A Brazil ma, lokacin mulkin soja, aka kama mawaƙa Caetano Veloso da Gilberto Gil a ƙarshen 1968, suka ƙare da gudun hijira a Landan. Waɗanda suka zauna kuma suka koma habaici, sai a ji kamar waƙar soyayya ce ko ta faɗan masoya, alhali kowa ya san da wa ake. Chico Buarque har sunan bogi ya ƙirƙira don waƙoƙinsa su wuce hannun masu tacewa.

Inda na fi ba da ƙarfi shi ne bambancin waƙar tauraro da waƙar jama'a. Tauraro mutum ɗaya ne, yana da gida, an san ƙofarsa. 'Yan amshi kuwa wa za a fara kamawa? A Myanmar, bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairu 2021, mutane kan buga tukwane daga tagoginsu da ƙarfe 8 na dare, suna rera waƙar da iyayensu suka rera a boren 1988. A Khartoum, Afrilun 2019, wata ɗaliba mai suna Alaa Salah ta hau kan mota tana bayarwa, dubban mutane na amsa mata da kalma ɗaya. Ranar 11 ga watan shugaban Sudan Omar al-Bashir ya faɗi bayan shekara kusan 30 yana mulki. Amma sojoji ne suka ture shi suka zauna, kuma ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa zaman dirshan da masu zanga-zangar ke yi da harbi, likitoci suka ce an kashe sama da mutum 100. Waƙar ta riƙe mutane a titi na tsawon makonni, sauran aikin na yajin aiki ne da ƙungiyoyi da zaman sulhu.

Mu ma da wuya muka koya. Mun daina dogayen baitoci, domin mai tsoro ba ya tuna baiti na uku. Mun cire zagin iyayen wanda ke riƙe da bindiga, yaro ne kamarmu, kuma zagi yatsansa yake zaburarwa. Sannan muka daina dogara ga mai bayarwa ɗaya, muka warwatsa uku ko huɗu a cikin taro. Wannan na ƙarshen sai da aka kori yarinyar nan daga makaranta muka yi tunaninsa. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama.